Kwanonin da Suka Koma Wayam: Ta'aziyyar Maman Godwin

Da hantsin ranar Alhamis, 14 ga Agusta, 2025, ina cikin ajin darasin hutu ina rubutu a allo, wayata ta yi ta ruri a jaka har na gaji na ɗauka. Godwin ne. Bai ja magana ba, ya ce, "Anti Goodness, Mama ta huta." Haka labarin rasuwar mahaifiyarsa ya same ni, Mama Mercy Jacob, wadda Kaura Namoda ta sani da Maman Godwin mai shinkafar tasha. Ta yi barci cikin Ubangiji a ɗakinta, bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki da ta kwantar da ita tun kafin saukar damina.

Mama, yau da ke zan yi magana, domin lokacin da kike raye ban taɓa samun dama ba. Da na buɗe baki sai ki turo mini cokali, ki ce in ci tukuna.

Na zo garin nan ina sabuwar malamar firamare, da jaka ɗaya, ban san kowa ba. Wani dattijon ikkilisiya ya raka ni ƙofarki. Kika dube ni sama da ƙasa, kika ce wannan ramar ba za ta iya tsayawa gaban yara ba, kika shimfiɗa mini katifa a ɗakin da kike ajiye buhunan shinkafa. A ɗakin nan na zauna har aka ɗaura mini aure, ke kuma kika tsaya mini a matsayin uwa. Direbobin Shinkafi da na Zurmi sun san hannunki. Wanda motarsa ta lalace a hanya ya san ko ya makara zai tarar da rabonsa a rufe gefen murhu. Da rashin tsaro ya fara koro mata da yara daga ƙauyuka, suna sauka a tasha da ƙullin kaya ba su san inda za su dosa ba, kika ɗora tukunya ta biyu. Na tuna wani ɗan'uwa daga cikinmu ya matso yana raɗa miki, wai kin tabbata mutanen nan namu ne? Ko kallonsa ba ki yi ba, kika ce ya matsa gefe, yana tare wa wuta iska.

Duk wannan kowa ya sani, an kuma faɗe shi a wurin jana'iza. Akwai abin da ba a faɗa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ke da kanki kika ba ni labarin, wata rana muna tsintar shinkafa. Kin tashi marainiya a gidan mishan a wajen Kafanchan, kina cin abincin da ba na gidanku ba, kullum ana tuna miki ki gode. Marigayi Baba Jacob, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya auro ki ya kawo ki Kaura kina yarinya. Sallar farko da ta same ki a nan, maƙwabciyarki Amatullahi, amaryar Malam Muhtari direba, ta aiko miki da tuwon shinkafa da miyar taushe a sabon kwano. Kika ji daɗi ƙwarai. Kika goge kwanon da toka har yana ɗaukar ido, kika kai mata da kanki. Ba wanda ya taɓa gaya miki cewa a nan ba a maida kwanon maƙwabci haka nan, sai an ɗan jefa wani abu a ciki. Amatullahi ta ɗaga murfi a gaban matan gida, ta leƙa, ta tuntsire da dariya ta ce, "Ke amarya, garinku haka ake maido kwano? Ko ɗan gishiri babu?" Matan suka taya ta dariya. Kika ce mini ba ki san yadda ƙafafunki suka kawo ki gida ba.

Tsokana ce ta ƙuruciya, kuma daga baya kun zama aminai, har haihuwar Godwin a hannunta aka yi. Amma tun daga ranar kwano bai sake fita gidanki wayam ba. Gyaɗa, daddawa, sabulu, albasa, ko me hannunki ya kai. Wadda ta aiko miki da fura za ta ga shinkafa da nama. Ni ma na gwada sa'ata, na sayo miki atamfa da albashina na farko, mako bai zagayo ba na tarar da turmi biyu a kan katifata. Mutane suka haƙura, aka san Maman Godwin ba a cin ta a kyauta.

Abin da ban gane ba sai a ƙarshe shi ne, haka kika zauna da Allah ma. Godwin ya tashi daga zazzaɓi, kin ɗauki azumi. Ciniki ya yi kyau, kin riga kowa zuwa share majami'a. Jika ya zo lafiya, kin dafa wa ikkilisiya gaba ɗaya. Kullum maganarki, "Ubangiji ya yi mini, dole in mayar." Duk ranar da Baba Fasto ya yi wa'azi cewa ceto kyauta ne, alherin Allah ne da ba a saya ba a kuma biya, amin ɗinki ya fi na kowa ƙarfi. Ana tashi kuma sai ki hau ɗaukar benci. Mu 'yan Zumuntar Mata muka riƙa buga misali da ke, muna cewa ga mai himma. Himmar muka gani, ba mu ga tsoron da ke ƙarƙashinta ba. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai, Mama.

Ciwon ya same ki a tasha, kina tsaye kan tukunya. Hannun dama ya mutu, ƙafa ta ƙi ɗauka. Sai kwanoni suka fara shigowa: daga matan ikkilisiya, daga matan direbobi, har daga wata baiwar Allah 'yar wajen Zurmi da kika taɓa ciyarwa da 'ya'yanta. Kowane kwano aka wanke, sai ki ce a ajiye, in kin tashi za ki sa wani abu. Nkiru, matar Godwin, ta ce bari ta zuba gyaɗa ta mayar, kika hana. Kika ce ke aka kawo wa, daga hannunki ya kamata ya fito. Kwanoni suka cika ƙarƙashin gado, suka fara hawa bango. Daga nan kika fara ture abinci, don kowane kwano da ya shigo wani nauyi ne ya ƙaru a kanki. Muna kallo kina ramewa.

Wata rana ina shafa miki man zafi a hannu kika ce, "Goodness, 'yata, ba mutuwa nake tsoro ba. Ubangiji ya ba ni Ɗansa. Ya ba ni Godwin, ya ba ni tsawon rai. Yanzu ko tsintsiya ba na iya riƙewa. Haka zan je masa, hannu rabbana?" Na kira Baba Fasto, ya zo ya zauna a bakin gado, ya yi miki bayani a hankali cewa Yesu ya gama aikin a kan gicciye, ba abin da ya rage da za ki ƙara. Kika ce, "Haka ne, Baba Fasto," cikin ladabi. Yana fita kika juya fuska bango kina kuka. A ranar na fara jin tsoron za ki bar duniya a firgice, ke da kika kwantar wa mutane da yawa hankali.

Muna cikin wannan hali, wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, sai ga Amatullahi ta yi sallama. Ita ma tsufa ya kama ta, tana dogara sanda, fuska a murtuke. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Maman Godwin, mi nim miki? Kin ƙwace min kwanoni dut. Yau cikin murhin tukunya Malam yac ci tuwo."

Kika ce, "Ki yi haƙuri, Amatu. Ba ni da abin sawa ciki. Ke kika koya mini ba a maida kwano wayam."

"Ni? Yaushe?"

Ashe ita ta manta ƙaf. Da kika tuna mata Sallar nan da tuwon shinkafa da dariyar matan gida, sai ta nemi kujera ta zauna, ta riƙe haɓa. Na ga idanunta sun kawo ruwa, amma ba ta yarda ya zubo ba. Can ta ce, "Maganar ƙuruciya kinka riƙe har tsuhwa? Allah shi yahe min bakin ga nau. To ji nan, ni kwanona nika so. In ba ki maido shi wayam ba, cikin mi za ni zubo miki na gobe?"

Ta sunkuya da ƙyar, ta jawo kwanoninta daga ƙarƙashin gado, ta ƙulle su a tsohon zane. Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. "Gobe hura za ni kawo. In kinka jefa ko ƙwarar gyaɗa ciki, ba ni ba ke."

Bayan fitarta kika lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ki. Sai na ji kina dariya da rabin bakin da ya rage miki, dariyar farko tun da kika kwanta. Kika ce, "Goodness, ashe abin da Baba Fasto yake ta faɗa ke nan. Ubangiji ma so yake ya zubo mini na gobe, ni kuma na riƙe masa kwano." Ba zan ce Amatullahi wa'azi ta zo yi ba. Tana kan addininta, kuma kwanoninta ta zo karɓa. Amma maganar da aka yi shekaru ana faɗa miki daga kan bagade, a bakin maƙwabciyarki ta samu hanyar shiga.

Washegari kika sa ni da Nkiru muka bi gidaje muna mayar da kwanoni wayam. Ba zan ɓoye ba, na ji kunya, domin kowace mace muka miƙa wa sai ta ɗaga murfi, sabo ya riga ya bi jiki. Amma ba wadda ta yi dariya. Da yamma kwanonin suka dawo cike, kika ci har kika nemi ƙari. Ranar Lahadi Baba Fasto ya kawo miki Jibin Ubangiji har ɗaki. Kika buɗe hannun hagu, wanda ya rage miki, kika karɓa. Na saurara in ji alkawarin azumi ko na shara, kamar yadda kika saba. "Na gode" kawai kika ce.

Abin baƙin cikina, hutun nan bai daɗe ba. Geron da aka shuka kina kwance ko kai bai gama fitarwa ba kika tafi. Kin ɗauki kayan nan tun kina amarya har furfura, kika sauke shi a bakin ƙofar fita. Da ma tun kina da ƙarfi wani cikinmu ya riƙe miki hannu ya ce ki zauna a yi miki. Da ma kin samu ko Kirsimeti ɗaya da kika ci abincin maƙwabta ba tare da kina tunanin abin mayarwa ba. Ina gode wa Allah da kika tafi cikin salama, amma ba zan yi ƙarya in ce zuciyata ba ta ƙuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Godwin da Nkiru da 'ya'yansu, da dangi na Kafanchan, da 'yan'uwana na Zumuntar Mata. Ina yi wa Malam Muhtari da Inna Amatullahi gaisuwar rashin maƙwabciya, haka ma direbobin tasha da suka ajiye motocinsu suka raka gawarki. Ubangiji ya ta'azantar da mu duka, ya ba mu ƙarfin ɗaukar wannan rashi.

A kwanakin makoki kwanoni sun sake cika gidan. Nkiru ta tambayi mijinta me za a sa a ciki, ya ce a wanke kawai a mayar, haka Mama za ta so. Ni na kai wa Inna Amatullahi nata. Ta ɗaga murfi a bakin zaure, ta leƙa, ta ga ba komai. Ta mayar da murfin a hankali, ta rungume kwanon a ƙirji, hawayen da ta hana fita a ɗakinki suka zubo.

Ya Ubangiji mai jinƙai, ga baiwarka Mercy ta zo maka hannu rabbana, yadda dukanmu za mu zo. Saboda Yesu Almasihu Mai Cetonmu, ka karɓe ta, ka ba ta hutun da ba ta yarda ta ba kanta ba, ka cika mata kwanonta. Amin.

Goodness Ayuba
Kaura Namoda