Sai An Busa Usur

Rafali bai taɓa alƙalancin wani babban wasa ba. Malamin motsa jiki ne a makarantar firamare, yara ne suka laƙaba masa sunan, ya kuma bi shi har gida. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da usur rataye a wuyansa, ko gaisuwar mutuwa za shi. Abin da ya yi imani da shi, bayan Allah, shi ne babu abin da yaro ba zai iya ba in an mayar masa da shi wasa, aka kafa masa doka.

Abubuwa ba a rana ɗaya suka lalace ba. Wutar lantarki ce ta fara tafiya, ba wanda ya damu, don dama ba mazauniya ba ce. Ruwan famfo ya bi ta. Aka rufe makarantu, wai na ɗan lokaci. Rediyo ya yi ta cewa komai lafiya har ranar da shi ma ya yi shiru. Daga nan wasu samari masu bindigogi suka gitta tsohon firji da tayoyi a bakin layi, suka ce tsaron unguwa suke yi. Tun da suka fara tsaron nata kuwa take raguwa.

Rafali na zaune a hawa na uku na wani dogon bene da yawancin masu hayarsa suka gudu suka bar ƙofofi a buɗe. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, kafin asibitin ya koma gadaje zalla. 'Ya'yansu biyu, Yaya, yarinya mai shekara tara, da Auta wanda bai cika biyar ba.

Shirin tafiya ya ɗauke shi kamar shirin gasa. Kowane yaro da jakarsa daidai ƙarfin bayansa: gorar ruwa, riga, biskit. Ya koya musu sauka daga bene da takalma a hannu. Uwar ta ɗinke sunan ƙauyen kakarsu a cikin wuyan rigunansu. Amma abin da Rafali ya fi alfahari da shi wasan ɓuya ne, saboda ranar da samarin za su hawo kafin a samu mota.

Dokar ba wuya. Da an bubbuga ƙofa da ƙarfi, kowa ya fita ta ƙofar baya ya ɓuya a inda ya zaɓa cikin benen, kada ya gaya wa kowa wurin, ko ɗan'uwansa. Ba fitowa sai an busa usur.

"Ko ni na kira su?" in ji matar.

"Musamman ke. In aka ɗora miki bindiga aka ce ki kira, ai za ki kira."

"Allah Ya sawwaƙe. Kai dai Malam bakinka ba linzami."

Ya sa ta ta gwada su. Ta bi matakala tana kira da murya mai taushi, tana kaɗa ledar alewa. Auta ya fito da gudu. Rafali ya ce ya faɗi, ya miƙa wa Yaya alewar a gabansa. Yaron ya yi kuka har ya shiɗe, uwar ta yini ba ta yi wa mijin magana ba. Daga ranar Auta bai sake faɗuwa ba. Rafali yakan ce a duk shekarunsa na koyarwa bai taɓa samun ɗalibi irinsa ba.

Motar da aka samu ta wani maƙwabci ce, direban gidan burodi. Ya lura samarin in sun ci abincin rana sukan miƙe a inuwa su yi barci. A lokacin za a tura motar ta lungun baya, ba a kunna ta ba, ta gangara har gada. Sharaɗinsa ɗaya, kada a ji ko tari. Ranar kuwa bai faɗa ba, don shi ma bai sani ba.

Da ranar ta zo, direban ya hawo benen yana haki, ya bubbuga ƙofarsu iya ƙarfinsa yana kiran Rafali.

Yaya ta gane muryarsa, ta tsaya ta goya jakarta. Da aka waiwaya, takalman Auta ba sa nan, shi ma ba ya nan.

Suka bazu. Uwar ta shiga gidajen mutane tana buɗe durowa, tana leƙa ƙarƙashin gadaje da cikin durom ɗin da ba ruwa. "Auta, ni ce Mama. Wallahi ba wasa ba ne, fito." Muryarta tana rawa, kamar dai yadda Rafali ya gaya wa yaran za ta yi.

"Yaya, ina yake shiga?"

"Baba, kai ka ce kar mu gaya wa juna."

Direban ya riƙo hannunsa. "Rafali, motar nan cike take da 'ya'yan mutane. Waɗancan in suka farka, shi ke nan."

"Busa ɗaya zan yi ya fito."

"Busa ɗaya? Usur ɗinka da ake ji daga makaranta har kasuwa? Ka rufa mana asiri."

Rafali ya dubi abin da ke wuyansa. Da kansa ya zaɓe shi a shago, don ya fi sauran ƙara.

"Ku tafi," ya ce wa matarsa. "In kun sha kwana zan busa. Mu same ku a gada."

"Ba inda zan je."

"To Yaya ta tafi da wa?"

Ta kalle shi, kallon da bai taɓa gani a idonta ba. Ta ajiye jakar Auta a gabansa, ta kama hannun yarinyar suka sauka.

Ta tagar matakala ya ga maza suna tura motar, ƙafafunsu ba takalma. Ya ga ta gangara a hankali, ta sha kwana, ta ɓace. Ya ƙara jira har ya tabbata sun yi nisa. Sannan ya sa usur a baki ya busa.

Ƙarar ta cika benen, ta fita ta kowace taga.

Murfin akwatin mitar lantarki, wanda ke daf da gwiwarsa, ya buɗe. Auta ya rarrafo, duk jikinsa yanar gizo-gizo, takalma a hannu, fuskarsa jiƙe da hawaye.

"Baba, na ji Mama tana kuka, amma ban fito ba. Na ci?"

"Ka ci."

A bakin layi, ɗaya daga cikin samarin ya tashi zaune. Ya sa hannu ya kare rana yana bin tagogin benen da kallo, sannan ya taɓa na kusa da shi da ƙafa.

Rafali ya goya wa yaron jakarsa, ya tuɓe nasa takalman, suka fara sauka. Sun kai hawa na ɗaya ke nan aka soma dukan ƙofar ƙarfe ta ƙasa da gindin bindiga. Nan take ya ji ɗan hannun da ke cikin nasa yana zamewa, yaron ya riga ya fara waige-waigen inda zai shiga.

Rafali ya damƙe hannun da ƙarfi.

"Baba, sake ni," Auta ya raɗa masa. "An buga ƙofa. Zan faɗi."