Ƙullin Kayan da Inna Ta Tafi da Shi Tanut

A gidanmu mace ba ta kuka wurin haihuwa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya karanta mini wannan doka, a bakin turmi na tsince ta. Ƙauyenmu yana can gefen Belbeji, inda gonakin hatsi suke ƙarewa makiyaya su karɓa, kuma duk matar da aka ji muryarta a ɗakin naƙuda, kafin a yi suna ƴan mata sun saka ta a waƙar daka. Na san wata da har ta aurar da jikoki ana kwaikwayon ihun da ta yi ranar haihuwar fari. Ni ma na yi dariyar, har da riƙe ciki.

Da cikina na fari ya tsufa aka maido ni gida goyon ciki. Inna, mahaifiyata, mace ce da ba ta ɓarnar magana. Ranar da ciwo ya tashi, bayan sallar asuba, tana ɗaura mini kallabi ta ce, ba tare da ta dubi fuskata ba, "Kada in ji." Iyakar nasihar da na samu ke nan.

A amalanke aka kai ni gidan likitan wani gari kusa da mu. Mun isa da hantsi. Sajfam, wato ungozomar gwamnati mai farar riga, ta duba ni sau ɗaya, ta yi rubutu a karne, wato ɗan littafina na awon ciki, ta ce da saura. Ta ce Inna ta fita waje, nan ba wurin taron dangi ba ne. Sannan ta cire farar rigar ta rataye a ƙusa, ta yafa mayafi mai kyau, ta fesa turare, ta ja ƙofa. Daga baya muka ji wai biki ake a gidan wata ƙawarta.

Ni kaɗai na rage a ɗakin, sai agogon bango da ya daɗe da tsayawa. Ciwo yana zuwa ina cusa bakin zane a baki ina cizo. Ta taga ina hango Inna a gindin aduwa tana jan carbi, taku goma bai raba mu ba. Wajen azahar faya ta fashe, ruwan ya fito kore-kore, ba irin wanda na ji mata suna faɗa ba. Tsoro ya kama ni har haƙorana suna haɗuwa. Na buɗe baki zan kira, sai na tuna waƙar daka, na tuna "kada in ji", na maida zanen bakina.

Sai bayan la'asar sajfam ta dawo, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Tana ɗaga zane na ga fuskarta ta sauya. Ta ɗora ɗan ƙahonta na sauraron zuciyar ɗa a cikina ta kasa kunne, ta matsar, ta sake kasawa. Sai ta daka mini tsawa: "Ke wace irin mace ce? Kina da baki kika yi shiru? Kin kashe ɗanki da kanki!" Inna tana bakin ƙofa, ta ji komai.

Bai mutu ba. An kira mota ta kai mu Tanut, aka yi mini aiki aka ciro shi. Bai yi kuka ba sai da aka daɗe ana fama da shi. Ya yi wata shida wuyansa bai tsaya ba. Ya shekara bai zauna ba. Hannuwansa kullum a dunƙule, ƙafafu a sanƙare, in an ba shi kunu rabi ya dawo. Amma idanunsa garau suke, kuma yana gane takun kowa a gidan. Kasancewar ɗan fari ne, Inna ce take goyonsa, ni kuwa a gaban mutane ko kallonsa ba na yi, balle in kama sunansa. Mutane suna yaba kunyata. Ba su san cewa kunyar ta zame mini wurin ɓuya ba. Duk sanda na haɗa ido da shi sai in ji tsawar sajfam.

Shekara uku ni da Inna ba mu taɓa ɗaga zancen ranar nan ba, ko sau ɗaya.

Maigidana ne ya jawo maganar. A rediyo ya ji wai akwai wasu mata masana shari'a da suke zuwa Tanut daga Damagaram ranar kasuwa, suna sauraron talaka kyauta, har da waɗanda aka cuta a gidan likita. Yana shirin tafiya cin rani, ya tsaya a kan lallai mu je. Ya ce shi tun farko bai yarda ba, a ce a kulle mace ita kaɗai tun hantsi har la'asar. Mutumin kirki ne, amma bai san abin da na sani ba. Na ce masa to. Da ya tafi, na koma ɗakin Inna da zama.

Ga yadda na lissafa abin a raina. Shari'a bincike ce. In an bincika za a kira sajfam, ita kuma za ta faɗi abin da ta faɗa, a gaban alƙali, a gaban maigidana da danginsa. Kuma na tabbata ta riga ta rubuta a karne. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu, amma rubutun ma'aikatan likita ko mushen da ya koyar da mu sai ya yi zufa kafin ya karanta. Sau da yawa na zaro karnen daga cikin kwallata na zuba masa ido, ina neman inda aka ce na yi shiru. Rannan har na kai shi bakin murhu. Abin da ya hana ni, a cikinsa ake rubuta allurar yaron.

Ranar kasuwa muka shiga motar da take kwasar mutane da awaki. Inna ta goya yaron, sannan ta ɗauko wani ƙullin kaya ta ɗora a kai, babba, har da buta a rataye a gefe. Duk da halin da nake ciki sai da na tsokane ta.

"Inna, Tanut fa za mu, ba Makka ba. Da la'asar muna gida."

"Ina ruwanki da kayana?" in ji ta.

Tafiyar nan ban san yadda aka yi ta ba. A shingen jandarma, da ɗaya ya leƙo cikin mota, na ɗauka ni yake nema. Ashe akuyar wani yake tayawa.

Ɗakin da matan shari'ar suke zama yana bayan kasuwa, da benci a waje cike da mata. Kowa da abin da ya kawo ta, wannan gado, waccan gona. Muna zaune ina addu'a Allah ya sa a tashi kafin layi ya zo kanmu. Bai sa ba.

Matar da ta karɓe mu ba ta girme ni da yawa ba. Siririya ce mai tabarau, bakinta bakin Damagaram. Ta gaida Inna har da rusunawa, ta shimfiɗa mata tabarma da ta ga kujera ba ta yi mata ba, ta kama hannun yaron tana yi masa wasa. Ta tambayi sunansa, Inna ta faɗa. Ta tambayi uwarsa, Inna ta nuna ni da haɓa. Sannan Inna ta ba da labari yadda ta gan shi daga gindin aduwa, a taƙaice.

"Inna, na ji naki," in ji matar. "Amma ke a waje kike. Wadda take ciki nake so in ji. Na san ɗan fari ne. In ba damuwa, ki ɗan ba mu wuri."

Inna ta yunƙura za ta tashi. Ni kuwa da na ga za a sake fitar da ita a ja ƙofa a bar ni, ban san lokacin da na damƙi bakin zanenta ba. Inna ta dubi hannuna, ta koma ta zauna.

Haka na yi maganar a gaban mahaifiyata, abin da ko a mafarki ban taɓa zata ba. Na faɗi rigar da aka rataye a ƙusa, na faɗi koren ruwa. Muryata tana fita kamar ta wata. Da na zo ƙarshe na ce, "Madam, kada ku wahalar da kanku. Laifin nawa ne. Na ga ruwan, na san ba lafiya ba, ban kira kowa ba. Sajfam ta ce ni na yi masa haka. Yana nan a rubuce." Na miƙa mata karnen, na sunkuyar da kai ina jira.

Ta daɗe tana buɗe shafuka. Ina jin hayaniyar kasuwa, wani yana tallan cuku. Can ta jawo kujerarta kusa da ni ta ɗora karnen a cinyata.

"Ƴar'uwa, dubi nan. Kin iya lamba ai. Wannan ƙarfe tara na safe. Wannan kuma biyar saura na yamma. Me kika gani a tsakani?"

Na duba. Na ce ban ga komai ba.

"To, nan ne maganar take. Ba inda aka rubuta kin yi shiru, kuma ko an rubuta ba hujja ba ce. Aikin sajfam ba jiran kuka ba ne. Aikinta ta riƙa dawowa tana dubawa, ta saurari zuciyar ɗa, ta rubuta abin da ta ji. Kurma ma tana haihuwa. Ko da kin yi ihu har an ji a Belbeji, wa zai ji ki, tunda mai aikin tana gidan biki?"

Na zuba wa farin wurin nan ido, wurin da na yi shekara uku ina tsallakewa ina neman sunana a cikin rubutu.

Ba ta yi mana romon baka ba, wannan kam na shaide ta. Ta ce sai babban likita a Damagaram ya duba yaron ya rubuta ko jinkirin ne ya jawo, don ba ita ce mai faɗar wannan ba. Ta ce za ta taimaka a rubuta ƙara zuwa ga shugabannin ma'aikatan lafiya, in ya kama a je gaban alƙali za su nema mana lauya. Ta ce abin yana iya ɗaukar shekaru, yana iya ƙarewa ba mu sami komai ba. Ta ce kada karnen ya bar hannuna, ko wa ya nema, hoto kawai za ta ɗauka. Ta kuma rubuta mana takarda zuwa inda ake motsa wa irin waɗannan yara gaɓoɓi, ta ce wannan ba ya jiran shari'a.

Sai da matar ta ɗauki biro za ta fara cika takarda, sannan Inna ta yi gyaran murya.

"Ɗiyata, kafin ki rubuta. Yarinyar nan ba ta da laifi. Ni na ce mata kada in ji. Da bakina na faɗa, ina ɗaura mata kallabi. In akwai wanda za a rufe, ni ce. Na zo da shirina."

Ta jawo ƙullin nan ta kwance a gabanmu. Zannuwa biyu, bargo, sabulu, ƙwarya da ludayi, garin hatsi a leda, da maganinta na ciwon gwiwa. Kayan zaman gidan kaso ta haɗo. Tun ranar da maigidana ya kawo zancen take tara su ɗaya bayan ɗaya, ni ina ɗaki ɗaya da ita ban lura ba, don ina can ina fama da nawa tsoron.

Matar ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce, "Inna, ba wanda za a rufe. Ɗaure kayanki." Sai da ta maimaita sau uku, har da rantsuwa, kafin Inna ta yarda.

Ni kuwa kukan da ban yi ba a wancan ɗakin, a wannan na yi shi. Da ƙarfi na yi, matan da suke kan benci duk sun ji, wata har ta leƙo. Inna ba ta ce mini in yi shiru ba.

Maganar ƙarar har yau tana tafiya, takarda ta je ta dawo, kuma na daina cewa ga ranar ƙarewarta. Yaron dai yanzu yana zama in an jingina shi, yana kuma kai loma baki da hannun hagu. Tsoron bai tafi duka ba. Har yanzu in na ji irin turaren nan a gidan biki sai gabana ya faɗi.

Da muka fito rannan rana ta yi sanyi, ƴan kasuwa sun fara naɗe kaya. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana kokawar ɗora ƙullin a kai, ga yaro a hannu, ga gwiwa. Na ce ta kawo kayan in ɗauka. Ta dube ni, ta dubi mutanen da suka cika hanya, cikinsu har da ƴan ƙauyenmu masu jiran mota. Sai ta riƙe ƙullinta, ta miƙo mini yaron.

Na sunkuya a tsakiyar kasuwar Tanut, ta ɗora mini shi a baya, na ja zane na ɗaure. Ya fi yadda nake zato nauyi. Ya kwantar da kansa a tsakanin kafaɗuna, yawunsa yana jiƙa mini riga, muka nufi tasha.