Ayar Da Na Tsallake

Wata Litinin ce a daminar 2012, kwana huɗu da binne Baba, Mama ta tashe ni da sassafe, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinmu na haya a unguwar Umarari, ta ɗora mini Littafi Mai Tsarki a cinya. Shekarata goma, ina aji huɗu. Ruwan sama bai gama ɗiga daga kwanon rufi ba, ƙanena Iliya yana gyangyaɗi a jikin bango. Ta ce, "Saratu, ni ban yi boko ba. Daga yau ke ce idona."

Da can karatu aikin Baba ne. Kafinta ne, mutumin Biu, kuma ba ya fita shago sai ya tara mu. Yana da wani ɗan littafi da ya samo a coci, mai nuna wurin da za a karanta kowace rana. Yakan bi layi da yatsansa mai tabon guduma, in ya gama mu yi waƙa ɗaya, Mama ta ɗauki kaskonta ta nufi bakin titi suyar ƙosai. A shagon nan wasu samari biyu suka same shi da rana tsaka suka harbe shi. Ɗayansu ɗan unguwarmu ne, ya sha sayen ƙosai a hannun Mama. Kowa ya san sunansa, babu mai iya faɗa.

Daga nan duniyarmu ta tsuke. Coci ya gagare mu, makaranta yau a buɗe gobe a rufe, ga dokar hana fita. Langa da 'yar ɓuya da muke yi a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida suka ƙare, sai carafke a tsakar gida, shi ma da an ji harbi kowa ya zube rub da ciki. Ni ke ɗebo ruwa a famfo, ni ke gyaran waken ƙosai, ni ce kuma mai karatun safe. Waƙa kam mun daina. Ya Falmata, matar mai gidan da muke haya, ta ja Mama gefe ta ce mata, "Maman Saratu, ku rage murya, bango ma kunne gare shi." Haka na koyi karatu ƙasa-ƙasa, ina in-ina a kan dogayen sunaye, Mama na gyara mini da ka.

Wata safiya ɗan littafin Baba ya kai mu wurin da Yesu ya umarci mabiyansa su ƙaunaci maƙiyansu, su kuma yi wa masu tsananta musu addu'a. Idona ya riga bakina isa wurin. Fuskar saurayin nan ta faɗo mini, da yadda yake cewa a ƙara masa yaji. Sai na haye ayar na ci gaba kamar ba komai, tunda a ganina wanda bai iya karatu ba ba zai gane ba.

"Kin tsallake," in ji Mama.

Na ce ban tsallake ba.

"Shekara goma sha biyu babanki yana karanta mini littafin nan. Koma baya."

Na rufe littafin na fashe da kuka, na ce ba zan karanta ba, ko za ta yanka ni. Na zaci mari zan sha. Amma sai ta ce, "Ni ma ba na son jin ta. Amma ba mu muka rubuta ba, ba mu za mu goge ba. Karanta."

Na karanta. Mama takan ce amin a ƙarshen kowane karatu, amma ran nan ba ta ce ba. Ta tashi ta ɗauki kaskonta ta fita. Daga baya takan sa ni in koma wurin jefi-jefi, ko da ba shi ne karatun ranar ba. Ta saurara har ƙarshe, haƙoranta a datse, ta tashi. Bayan shekara guda muka ji an kashe saurayin. Iliya ya shigo da labarin yana tsalle, ta daka masa tsawar da ban taɓa jin irinta ba, ta shige ɗaki, ranar ba ta yi suya ba. Da ƙarshen wannan shekarar muka tattara muka koma Jos wurin kawuna, can ta rasu ina shekarar ƙarshe a sakandare. Ban taɓa tambayarta ko ta yafe ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Yau Littafi Mai Tsarki yana cikin wayata, har da murya mai karantawa da kanta, ba in-ina, ba kuka. A cocinmu ana waƙa da lasifika har sai bango ya amsa. Duk da haka wani lokaci nakan yi kewar tabarmar nan mai danshi, da matar da ba ta san ko harafi ɗaya ba amma ba ta yarda a rage mata komai ba. Ni da na yi karatun, har yanzu a wannan layin muryata ke sarƙewa.