Ƙoshin Inna Kyauta

Duk wanda ya ci kasuwar Yankara a shekarun baya ya san Inna Kyauta mai daddawa, ko bai san sunanta ba, hancinsa ya san inda take zama. Daga Tafoki take zuwa, doguwa, mai faɗa, ba ta ragi kuma ba ta algus. Ita ke dafa kalwarta, ita ke wankewa, ita ke dakawa. Da mijinta ya rasu ta ci gaba da riƙe gida, ko ruwan alwala ba ta yarda a ɗebo mata. In ka ce za ka taya ta ɗaukar kaya, sai ta tambaye ka ko ta ce maka hannunta ya karye.

'Yarta ta fari ita ce Suwaibatu, kuma tsakaninsu akwai kunyar nan ta ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, "ke" take cewa, in ta matsu ta ce "wagga". Ana yaye ta aka kai ta riƙo Sabuwa wurin gwaggonta, daga can aka yi mata aure zuwa Ƙanƙara. Haka Suwaibatu ta girma da abu ɗaya a ranta, wato ba ta taɓa yi wa uwarta hidimar a zo a gani ba.

Sai hawan jini ya kayar da Inna a gindin turmi, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Suwaibatu ta riga ƙannenta, ta ɗauko ta zuwa gidanta. Ranar da aka fara kawo mata tuwo, ɗakin cike da 'yan dubiya, Inna ta miƙa hannun hagu cikin kwano. Suwaibatu ta yi caraf ta riƙe hannun.

"Haba Inna, da hagu? Ina raye?"

Daga ranar ita ke ba ta a baki, ita ke yi mata wanka, ita ke ɗaura mata ɗankwali. Maƙwabta suka yi ta cewa 'yar albarka, kuma gaskiya Suwaibatu tana jin daɗin jin haka. Matsalar ita ce Inna ba ta ci. In ta karɓi loma kaɗan sai ta juya fuska bango ta ce, "Na ƙoshi." Aka yi fate, aka yi kunun gyaɗa, aka yanka kaza, duk ƙoshin dai ɗaya. Matar da ke ɗaukar buhun kalwa a ka ta rame har zani yana zame mata.

Da Suwaibatu ta ga uwarta na ƙarewa a gaban idonta, ta kai ta babban asibiti a Katsina. Likita ya ce maƙogwaro lafiya lau, ya tura su wurin wata Malama Shafa'atu a sashen gashin ƙashi. Ita aikinta shi ne ta gano abin da majinyaci ke iya yi wa kansa na yau da kullum, ta koya masa dabarar sauran.

"Inna, kina iya sa riga da kanki?" in ji Malama Shafa'atu.

"Ni ka sa mata," Suwaibatu ta amsa.

"Alwala fa? Cin abinci?"

"Duk ni ka yi mata. Ko tsinke ban bari ta ɗauka."

Ta faɗi haka tana jiran yabo. Malama Shafa'atu dai ta yi murmushi, ta ce aikinta ba ya yiwuwa da labari, sai ta gani da idonta. Ta roƙi Suwaibatu ta jira a waje, ta bar mata kwanon ɗanwaken da suka zo da shi.

Suwaibatu ta fita ranta a ɓace, ta tsaya jikin taga tana leƙe ta gefen labule. Ta ga an miƙa wa Inna ɗankwali, ta kama gefe ɗaya da haƙori ta ja ɗayan da hagu, ya ɗauru, a karkace amma ya ɗauru. Aka ba ta buta, ta matse ta tsakanin gwiwoyinta ta wanke fuska. Sannan Malama ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ta ɗora kwano a kai don kada ya zame.

"Da hagu?" Inna ta tambaya a hankali.

"Lalura ce, Inna. Allah ya sani."

Inna ta yi bisimilla. Ta ci, ta ci, ba ta ɗaga kai ba, mai yana gangarowa ta haɓarta. Ta suɗe kwanon tas.

"Ashe kina ci. Me ke hana ki a gida?" Malama ta tambaye ta.

"Ɗiyata ce ta hwari, Malama. Yaya za ni yi ta buɗe mata baki kamar jinjiri? Yunwa kam ina jin ta. Amma kar ki hwaɗa mata, tana ƙoƙari."

Suwaibatu ta zauna a kan dakali. Ashe duk watannin nan ita ke kashe uwarta da yunwa, da hannunta, mutane kuma na sa mata albarka. Ta tuna yadda ta cafke hannun nan a gaban jama'a, kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta sa mayafi a fuska ta yi kuka mai isarta. Da aka kira ta ciki, Malama ta yi mata bayanin abin da za ta bar wa Inna da abin da za ta taya ta, ba ta ambaci sauran ba. Suwaibatu ta kasa kallon kowa a cikinsu.

Washegari da rana ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba daddawa da yawa. Ta jiƙa tsumma, ta ajiye kwanon ta gefen hagun Inna, da buta kusa. Hannunta har ya tafi zai gutsuro loma, ta janye shi. Ta ce za ta duba awaki, ta fita ta zauna a bayan ɗaki.

Tana nan zaune sai ta fara jin ƙarar kwano. Can aka ɗaga murya daga ciki, muryar nan ta kasuwar Yankara da ta daɗe ba ta ji ba.

"Ke, wagga! Miyan nan ta ƙare ne?"