Yafiyar da Aka Ɗora wa Haraji

Shekara talatin da ɗaya Chester Wojnar yana yankan gilashin mota a wata masana'anta a birnin Toledo na Amurka, har tafin hannunsa ya cika da siraran tabo kamar koguna a taswira. Ba shi da yawan magana. Shi da matarsa Bernadette suka ci bashin banki suka sayi gida mai ɗaki uku a unguwar 'yan Poland. Ita ta shuka tumatir a baya, shi ya gina baranda, a nan rana take faɗuwa ta same su.

Da ciwon daji ya kama ta, inshora ta biya rabi ta janye hannu. Ya koma banki ya ƙara cin bashi a kan gidan, dala dubu arba'in, duk asibiti ya shanye. Kuɗin suka saya mata shekara biyu. Ta rasu a shekarar da farashin gidaje ya faɗi warwas, masana'antar kuma ta sallami tsofaffi, har da shi. Banki ya yarda a sayar da gidan a yadda ya samu shiga, ya yafe masa ragowar bashin, dala dubu sittin da biyu. Chester ya kama hayar ɗaki a saman shagon wanki. Abu ɗaya ya rage masa, asusun da ya tara na tsufa, wanda idan ya lallaɓa zai kai shi kabari ba tare da ya sake neman aiki ba.

A watan Fabrairu, dusar ƙanƙara ta yi baƙi a bakin titi, takardar haraji ta iso. An rubuta kuɗin da aka yafe masa kamar albashi ne ya karɓa. Ya kai wa Darlene, ƙanwar marigayiya, wadda take cike wa mutane takardun haraji a teburin kicin ɗinta.

"Zauna, tsoho, kar ka faɗo min a kan tukunya," in ji ta. "Doka ta yafe harajin irin wannan, in dai gidan da kake kwana ne."

Ya sauke numfashi. Ita kuwa ta ci gaba da juya takardu, sai ta tsaya.

"Wannan dubu arba'in ɗin fa, a gidan ka zuba su?"

"Kin san inda suka tafi. Ke kike kai ta asibiti."

"Na sani. Amma doka ba ta san Bernadette ba. Bashin sayen gida ko gyaransa kawai take ɗauke wa haraji. Da ma ba ka da komai, da sun ƙyale ka. Asusun nan naka ya mai da kai mai hali a idonsu."

"Nawa?"

"Kusan dubu tara. In ka ciro daga asusun, abin da ka ciro ma sai ka biya masa haraji."

Ta tura masa kofi, ta rage murya. "Ka ce rufin gidan ka sake da kuɗin. Kowa a layinku ya gan ka a kan tsani kamar biri."

"Faci na yi, da kwalta ta dala ashirin."

"Wa zai hau ya duba? Wasu ne a gidan yanzu."

Ya ture kofin gefe.

"In rubuta cewa shekarunta biyu na ƙarshe rufi ne? A'a, ƙanwata. Rubuta asibiti."

"Babu gurbin asibiti a takardar, taurin kai."

"To bar wurin haka."

Ta cike, ya sa hannu. Ranar Litinin ya sa rigarsa mai kyau, yana da shekara sittin da shida, ya tafi neman aiki a wani shagon kayan gini a gefen gari. Manajan ya tambaye shi ko zai iya tsayuwar awa takwas. Ya ce zai iya.