Taubashin Yaya

Yayana bai iya waiwaye ba. Tun yana saurayi bayansa ya fara sandarewa, har abin ya hau wuya. In ka kira shi ta baya, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Mu a Sandamu sanyin ƙashi muke cewa, muna ta dafa masa sassaƙe.

Kowa tausayinsa yake ji, ban da ɗan kawunmu, taubashinsa. Kai, wannan mutum da tsiya yake! Ya laɓe ta baya ya fizge masa hula, ya ce, “Mai gida, waiwayo mana ka ga ɓarawo.” Yaya ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce, “Bawana, za ka shigo hannu.” Ni haushi nake ji, Yaya kuwa ranar da ba su haɗu ba, ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Ranar sunan ɗana, Yaya zai zauna, taubashin ya janye benci. Faɗuwar da ko yaro tashi zai yi ya kaɗe riga. Yaya bai tashi ba. A asibitin Katsina likita ya ce ƙasusuwan bayansa sun daɗe da haɗewa, sun bushe kamar kara, ciwo ne da ba a cika gani ba. Wuyan ya karye, laka ta taɓu. Daga kafaɗa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi.

Shekarun da aka dawo da Shari'a ne, dangi suka fara zancen alƙali da diyya. Yaya ya ce, “Wasa ne. Wanda ya kai shi ƙara ban yafe ba.”

Taubashin kullum yana zuwa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, kai a ƙasa. “Sannu Yaya. Ya jiki? Allah ya ba da lafiya.”

Yaya ya tsokane shi, “Bawana, ka zo yi wa ubangidanka fifita?”

“Na zo, Yaya,” in ji shi, ya ɗauki mafici da gaske.

Wallahi na so in shaƙe shi. Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa kallon Yaya a matsayin majinyaci ba, shi ma ga shi ya bi sahu. Har yau abin yana ci mini rai.

Wata ranar Juma'a bayan taubashin ya fita, ina goge wa Yaya fuska, ya ce, “Ƙanwata, ki ce masa ya daina zuwa. Wuyan nan na iya jure shi. Ladabin nan nasa ne ba zan iya ba.”