Likkafanin da Ba a Sa wa Yaya Kulu Ba

Shekara goma ke nan da rasuwar yayata Kulu, kuma har yau ban huce ba da aka binne ta cikin yadin kanti. Ba zan sassauta maganar ba, ba kuma zan ba kowa haƙuri a kanta ba. Matar da ta kaɗa zaren likkafaninta da hannunta, ta kai masaƙa, ta wanke, ta naɗe, ta ajiye, ita aka kai makwanci cikin farin da ko sunan ƙasar da aka saƙa shi ba mu iya faɗa. Nata kuwa aka bar shi cikin tukunya a Aliero, gidan ɗanta. Ni da nake wannan rubutu gwiwoyina sun fara ba ni labari, kuma tun tuni na ƙudurta cewa farin nan, tun da bai rufe mai shi ba, ni zai rufe.

Abin da ya tayar mini da tsohon miki a bana rediyo ne da jaridun nan naku. Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. A ajin yaƙi da jahilci na Jega na koyi baƙi, da furfurata, shi ya sa karatuna da yatsa nake yinsa, a hankali, amma abin da na karanta ba ya fita kaina. Ko'ina na duba gardama ɗaya ce. Wasu na cewa a rufe ƙofa, ko a lafta wa yadin waje haraji mai nauyi, don masaƙun ƙasar nan da manoman auduga su numfasa. Wasu na cewa a buɗe, talaka ya samu sutura mai araha. Ina jin su sai in kasa zama. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in fita ƙofar gida in dawo, don ni wannan gardama ba sabuwa ba ce a kunnena. A tsakar gidan Kulu na fara jin ta, tun muna 'yan jihar Sakkwato, ba a ma yi mafarkin jihar Kebbi ba.

A ƙauyen Kashin Zama, kusa da Aliero, aka aurar da ita. Mijinta, Malam Arzika, manomin auduga ne na gaske, irin wanda in ya tsaya bakin gonarsa lokacin da ta fashe ba ya son a yi masa magana. A zamaninsu angurya kyauta ake rabawa kowace shekara, in an tsinke a kai wurin awo, motoci su kwashe zuwa injin gurza. Ɗansu na fari kuwa, Manu, tun yana saurayi ya ƙi fartanya, ya kama tallan yadi a kasuwar Jega. Da na Kaduna ya fara. Daga baya ya gane hanyar wanda ke ɓullowa ta bakin iyaka, mai sheƙi, mai sauƙin kuɗi.

Duk ranar da Manu ya zo gida, tuwo ba ya sauka lafiya. Uban ya ce duk ƙwaryar yadin waje, wato naɗi guda, da ya sayar, kunya ɗaya ta auduga ya kashe a gonar ubansa. Ɗan ya ce su manoma su nawa ne, masu sa tufafi su nawa ne, kuma shi ya ga matan da ke zuwa biki da zanen aro, to wa zai gaya wa irin waɗannan su jira masaƙar Kaduna ta rage kuɗi. Uban ya ce ai kayan aro ba ya rufe katara, yadin waje ma aro ne. Ɗan ya ce aron da ya rufe jiki ya fi na gida da ba a iya saye. Haka za su yi ta yi har miya ta huce.

Kulu tana gefe da mazarinta, yatsunta fari fat da alli. Ba ta sa baki in Manu na wurin, don ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta aiken sa kai tsaye. In za ta ambace shi sai ta ce yaron nan, ko da ya yi gemu. Sai ya tashi ya fita take juyowa wurin mijin.

“Ku dai ku yi ta yi. Na Kaduna inji na, na bayan teku inji na. Ni da anka kashe ma kasuwar zare tun ba yau ba, wa ya taɓa rufe ƙofa domina?”

Wannan maganar ita ce ban ji kowa ya faɗa a rediyo ba. Kafin yadin waje ya yi yawa, yadin gida na inji ya riga ya kori zaren mata daga kasuwa. Muna yara, ranar kasuwar Jega layin masu zare da abawa ba ka ganin ƙarshensa, masaƙa na bin su suna murza zare tsakanin yatsu suna tayawa. Da kuɗin kaɗi mace ke yi wa 'yarta kayan ɗaki. Harajin da aka sa don kare masaƙun inji bai dawo da ko mace ɗaya cikin layin nan ba. Duk da haka in aka matsa wa Kulu, bayan mijinta take bi, don ta ce ranar da aka daina noman auduga, ita ma ba ta da abin kaɗawa ko don kanta.

Don kanta ɗin kuwa ta yi. Shekaru da dama, in auduga ta fara fashewa, ita ke riga kowa shiga gona ta tsinko ta farko, wadda ba ta taɓa ƙasa ba, ta ware ta daban. Ta gurje ta bisa dutse, ta shiɓe, ta kaɗa siririn zaren da ba ta taɓa yi wa kasuwa irinsa ba. Da ya taru, ni na raka ta wurin wani tsohon masaƙi a bayan kasuwar Jega. Ya murza zaren, ya dube ta, ya tambaya ko na amarya ne. Ta ce na amarya ne, amma angon ba ya sa rana. Tsohon ya yi dariya, sannan ya daina, ya ce zai matse saƙar yadda ko tsinke ba zai ratsa ba. Da muka koma gida ta nuna mini tukunyar da za ta sa shi, ta ce in sani, don in ta riga ni.

Na ce mata ta gaya wa Manu da bakinta, tun da Malam Arzika ya riga ya kwanta dama, kuma ɗan ne zai tsaya a kan gawarta. Ta ce subhanallahi, ita ta zauna gaban ɗan fari tana zancen abin da za a naɗe jikinta da shi? Na ce alkunya ba ta sauka kabari da mutum. Ta ce in yi mata shiru, bakina ya cika kaifi tun ina goye. A nan muka bar ta.

Cikin damina ta rasu, ciwon kwana kaɗan, a gidan Manu a Aliero, inda ta koma da zama bayan rasuwar mijinta. Ina Maiyama wurin jegon 'yata. Kafin saƙo ya same ni, kafin in samu motar da za ta fita cikin ruwan nan, an yi wanka, an yi salla, an rufe. Gawa ba ta jiran baƙo, wannan na sani, ban kuma yi faɗa a kai ba. Da na shiga ɗakinta ne na ga tukunyar a rufe yadda ta bar ta. Na buɗe. Yana nan.

Ban jira masu gaisuwa sun watse ba, na sa aka kira mini Manu bayan ɗaki. Ni ba ɗan farina ba ne, bakina a buɗe yake. Na tambaye shi ko bai san da farin ba. Ya ce ya taɓa jin mata na zancensa, amma ita ba ta taɓa ce masa komai ba, kuma abin da uwa ba ta faɗa ba, ba wasiyya ba ne. Ya ce abokan kasuwarsa sun zo har daga Birnin Kebbi, shi da ke tufatar da gari, a ce uwarsa ta fita cikin saƙar hannu mai kaushi kamar ba ta haifa ba? Sai idonsa ya kawo ruwa.

“Inna, abin da ya fi komi kyau cikin shagona shi na yanka mata. Mi kike so in yi wanda ban yi ba?”

Na ce masa abin da ya fi kyau a shagonsa bai san hannunta ba. Na faɗi wasu maganganun kuma da ba na jarida ba ne. Amma zan ba shi gaskiyarsa a nan, don ban iya ƙarya ba ko a kan wanda nake fushi da shi: ba rowa ya yi ba, ba raini ba. Da abin da ya sani ya girmama ta. Abin da ya sani ɗin ne ya kasa.

Yau da Kulu za ta leƙo, ban san abin da za ta gane ba. Gonar Malam Arzika albasa ce yanzu, haka na maƙwabtansa, daga Aliero har Gehuru ƙamshinta ke tarbar mutum. Ban ga laifinsu ba. Tun da aka daina rabon angurya, wurin awo ya zama na jeka ka dawo, manomi ya koma ga abin da mota ke zuwa nema har bakin gona. Tsohon masaƙin nan ya rasu, 'ya'yansa faci suke yi wa tayoyi. Jikokina sun ga mazarina sun ɗauka abin wasa ne. Ni kaina atamfa ce a jikina, kuma na tuna zamanin da yaro ke zama tsirara a ɗaki ranar da aka wanke rigarsa guda. Wanda ya ce araha ba komai ba ce, bai taɓa rainon yara ba. Shi ya sa nake kasa tsayawa gefe guda in huta. In na ji masu cewa a rufe, sai in tuna rigar nan. In na ji masu cewa a buɗe, sai in tuna gonar.

Abin da zai ba Kulu dariya kuwa Manu ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yanzu gwanjo ya cika kasuwa, ga wani yadin da ya fi nasa araha yana kwararowa, shagonsa ya yi sanyi. Makon jiya da na je Aliero don addu'ar cikar shekara goman, na same shi cikin mutane yana dukan tabarma, yana cewa dole hukuma ta ƙara haraji ta tsare iyaka, in ba haka ba ƙasa ta mutu. Muryar ubansa sak. Na ce ashe Malam Arzika bai mutu ba, jira yake ciniki ya tsaya ya dawo. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ta gefen baki.

Da aka watse na ce masa farin uwarsa na zo karɓa. Gadonsa ne, shi ya sa na roƙa ban ɗauka ba. Ya shiga da kansa ya ɗauko tukunyar, ya ce shekara goma bai iya buɗe ta ba. Muka warware shi a tsakar gida. Ko asu bai taɓa shi ba, sai dai ya ɗan yi launin madara. Na sa tafin hannuna a kai, na ji inda zaren ya yi kauri da inda ya sirance, shekarar da take da ƙarfi da shekarar da ido ya fara gaza ta. Ba ta bar gida ba, ba ta bar shanu ba, ko hotonta babu. Wannan ne ya rage na Kulu da za a iya taɓawa, da kuma tambayar nan tata da har yau ba wanda ya amsa.

Manu ya naɗe ya miƙo mini da hannu biyu. Har zuciyata ta fara saukowa. Sai ya ce in kai shi in riƙa lulluɓa lokacin sanyi, yana da ɗumi.

“Naki kuwa, Inna, kar ki damu. Na riga na ware miki ƙwaryar yadi guda, irin na Hajiyoyi. Tana nan sama, ba mai taɓa ta.”

Da fara'a ya faɗa, yana jiran in sa masa albarka. Na dube shi, na ga ranar tawa gaba ɗaya: ina kwance ba baki, 'ya'yana mata suna kuka, babban ɗan'uwansu ya shigo da yadi mai sheƙi a hammata, wa zai ce masa a'a? Na faɗa masa da bakina, dalla-dalla, cewa cikin na Kulu nake so a sa ni. Ya ce to, to, Allah ya ja da rai, irin to ɗin da ake yi wa tsofaffi. A motar komawa Jega na rungume tukunyar bisa cinya, zuciyata na tafasa har muka iso.

Washegari ina idar da azkar na ɗauki farin na nufi gidan Hajiya Ige, wadda ke wankan gawar mata a unguwarmu. Na biya na kira matar liman da maƙwabciyata su zama shaida. Hajiya Ige ta ce in bar shi wurinta, in lokaci ya yi ta san abin yi. Na ce a'a, wanda ba a yanka ba ana iya musanya shi, yau za a yanka. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa auna mai numfashi ba. Na ce to yau ta fara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa ban son in jira ranar. Na cire takalmi, na shimfiɗa tabarmarta, na miƙe a kai na haɗa ƙafafuna. Matar liman tana salati, maƙwabciyata tana dariya tana share hawaye. Hajiya Ige ta yi bismilla, ta auna daga kaina zuwa tafin ƙafa, ta sa almakashi. Kulu ta fi ni tsawo. Ya isa, har da saura.